Ƙasar da Aka Hana Kiran Sunan Allah

Akwai wata tambaya da ke yawo a bakin samarinmu, tun ba waɗanda suka yi zurfi cikin karatu ba. Suna cewa, “Ina amfanin addini ga zaman jama'a? Dubi gidajen da aka ƙone da sunansa, dubi kaburbura. Da ba a san shi a duniya ba, ashe da ba mu fi zama lafiya ba?” Dattawa da yawa in sun ji wannan sai su tsawata, su ce yaro ya lalace. Ni ban ga tsawa ta amsa kome ba. Wanda ya tashi yana jin labarin Kafanchan na 1987, da Kaduna na 2000, da Jos na 2001, watakila ma ya binne nasa, yana da hakki ya yi tambaya, mu kuma wajibi ne mu ba shi amsa ta gaskiya. Kafin ku ci gaba, ku buɗe Littafi Mai Tsarki ku karanta Daniyel sura 3, da Amos sura 8, gama a kansu za mu tsaya.

Tambayar nan ba ta bukatar dogon zato, domin an taɓa gwadawa, gani kuwa ya kori ji. Akwai wata ƙaramar ƙasa a Turai, sunanta Albaniya. Tana bakin teku, tana fuskantar Italiya, Girka kuma tana kudu da ita. Ƙasar duwatsu ce, mutanenta manoma da makiyaya. A zamanin da, wajen kashi bakwai cikin goma na mutanenta Musulmi ne, sauran kuwa Kirista, waɗansu Otodoks, waɗansu Katolika. A 1944 'yan gurguzu suka karɓi mulkinta, shugabansu wani mutum ne mai suna Enver Hoja, wanda ya riƙe ƙasar har ya mutu a 1985.

Tun farkon mulkinsa ya soma kama shugabannin addini, yana ɗaure waɗansu, yana harbe waɗansu. Amma a 1967 ya ƙudura ya gama da abin ɗungum. Aka zuga 'yan makaranta suka bi gari gari, ƙauye ƙauye, cikin 'yan watanni aka rufe wuraren sujada fiye da 2,000, masallatai da majami'u duka. Waɗansu aka rushe, waɗansu aka mai da su rumbunan ajiya, ko gidajen silima. Babbar majami'ar birnin Shkodra aka mai da ita gidan wasanni, a cikin birnin kuma aka buɗe gidan nuni musamman domin a koya wa mutane babu Allah. A 1976 aka rubuta cikin tsarin mulki cewa ƙasar ba ta yarda da kowane addini ba. Shekara guda bayan wannan aka sa doka, wanda aka kama yana wa'azi, ko yana ɓoye da littafin addini, ɗauri ne daga shekara 3 zuwa 10. Har sunayen yara aka sa wa ido, kada uba ya raɗa wa ɗansa sunan annabi ko na manzo. Lokacin azumi, na Musulmi ko na Kirista, a kan raba abinci a makarantu da wuraren aiki, a zuba ido a ga wanda zai ƙi ci. Wani fada tsoho, Istifanus Kurti, yana tsare a wurin aikin dole, aka kawo masa jariri a ɓoye ya yi masa baftisma. A 1971 aka harbe shi.

Kada mu yi ƙarya domin mu ci gardama. Gwamnatin nan ta yi waɗansu ayyuka. Ta koya wa talakawa karatu, ta yaƙi zazzaɓin cizon sauro, a 1970 kuma ta kai wutar lantarki kowane ƙauye. Mutum marar bangaskiya yana iya kafa turakun waya, yana iya gina makaranta. Wannan ba abin musu ba ne.

To, amma ku dubi abin da ya cika gurbin da aka share. Nebukadnezzar sarkin Babila ya kafa gunki na zinariya a filin Dura, tsayinsa kamu 60, ya sa doka kowa ya faɗi ya yi masa sujada da zarar ya ji kaɗe-kaɗe, wanda ya ƙi a jefa shi cikin tanderu. Haka nan aka yi a Albaniya. Aka sauke gicciye da hasumiya, aka ɗaga hoton Hoja a kowane aji da kowane ofis. Littattafansa suka zama abin haddacewa. Aka jera manyan duwatsu a jikin wani tsauni kusa da garin Berat, aka rubuta sunansa da haruffan da a ke hangowa daga nesa. Bayan ya mutu aka gina masa wani ƙaton gini a tsakiyar Tirana, babban birnin ƙasar, domin a riƙa zuwa ana tunawa da shi. Zuciyar ɗan adam ba ta zama fayau. In ka hana ta durƙusa wa Mahaliccinta, za ta durƙusa wa wani, wannan wani kuwa yana da kurkuku da bindiga, ba shi da gafara.

Ga abu na biyu, shi ne ya fi ba ni tsoro. Muddin mutane sun gaskata akwai Allah bisa sarki, talaka yana da wurin kai ƙara. Natan ya tsaya gaban Dawuda ya nuna masa laifinsa a kan matar Uriya. Iliya ya tare Ahab a gonar Nabot. Sarakunan nan suna da mashi da takobi, duk da haka suka ji tsoro, domin sun sani akwai kursiyin da ya fi nasu. Ran da aka ce babu wannan kursiyi, abin da gwamnati ta ce shi ne gaskiya, ba sauran ɗaukaka ƙara. Sai tsoron mutum ya maye gurbin tsoron Allah. 'Yan sandan ciki suka cika ƙasar da masu kai rahoto, maƙwabci yana tsoron maƙwabci. Malamai su kan yi wa yara tambaya a kan abin da a ke yi a gida, har iyaye suka daina addu'a a gaban 'ya'yansu ƙanana, don kada yaro ya faɗa a makaranta cikin rashin sani, a zo a tafi da ubansa. Ku tsaya ku auna wannan, ku iyaye mata. Uwa tana tsoron ɗan da ta goya. In an kama mutum ɗaya, a kan kori iyalinsa duka zuwa wani ƙauye mai nisa. Wanda ya yi ƙoƙarin tsallake iyaka a kan harbe shi. Ƙasar da ba ta da isasshen abinci ta zuba siminti da ƙarfe wajen gina ramukan ɓuya fiye da 170,000, don jiran maƙiyin da bai taɓa zuwa ba.

Uwa Teresa, wadda duniya ta sani saboda hidimarta ga matalautan Kalkata a Indiya, asalinta 'yar kabilar Albaniya ce. Mahaifiyarta da 'yar'uwarta suna Tirana. Ta roƙa a bar ta ta je ta gan su, aka ƙi. Mahaifiyar ta mutu a 1972 ba su sake saduwa ba. Sai a 1989 aka bar ta ta shiga, kabari ta tarar.

Shekara 23 ƙofofin suna rufe. Aka haifi yara, suka yi girma, suka yi aure, ba su taɓa jin ƙararrawa ko kiran salla ba. Masu mulki suka ɗauka aikin ya ƙare. Ashe wuta tana nan ƙarƙashin toka. Tsofaffin mata suna yi wa jikoki baftisma da dare da ruwan kwano. Ana rina ƙwai a ɓoye lokacin Ista, a ci, a ɓoye ɓawon. Masu azumi suna cewa ciki ne ke ciwo. Ran 4 ga Nuwamba 1990, 'yan gurguzu suna kan mulki tukuna, wani fada mai suna Simon Jubani, wanda ya yi shekara 26 a kurkuku, ya tsaya a maƙabartar Shkodra ya bi da sujada a fili. Dubbai suka taru, ba wanda ya san ko soja za su buɗe wuta. Musulmin garin da yawa suka zo suka tsaya tare da su. Bayan kwana 12, ran 16 ga wata, Hafiz Sabri Koci, limamin da shi ma ya yi wajen shekara 20 a ɗaure, ya ba da sallar Juma'a a wani tsohon masallaci na garin, Kirista kuma suka zo suka rama alheri. A watan Fabrairu 1991 jama'a suka tuge gunkin Hoja da ke dandalin Tirana, suka ja shi a ƙasa. 'Yan'uwan nan ba 'yan ɗarikarmu ba ne, akwai kuma abubuwan da muka bambanta da su. Amma wanda bai taɓa kwana ɗaya a ɗaure saboda sunan Yesu ba, ya kamata ya yi magana a kansu da ladabi.

Na san abin da saurayin nan mai karatu zai ce. Zai ce, “Wannan zalunci ne na mutum ɗaya. Dubi Suwidin, inda ba a tilasta wa kowa ba, masu zuwa sujada kaɗan ne, ga shi kuwa ba a cin hanci kamar namu, ana kula da marasa lafiya da tsofaffi.” Gaskiyarsa. Manzo Bulus da kansa ya koya mana cikin Romawa sura 2 cewa waɗanda ba su da Shari'a suna da lamiri mai ba su shaida, saboda haka kada mu ce duk marar bangaskiya ɓarawo ne. Amma ya tambayi inda mutanen nan suka samo halinsu. A 1686 dokar ikkilisiya ta ƙasar ta umarta kowa ya koyi karatu domin ya karanta Maganar Allah da kansa, fastoci kuma suna bi gida gida suna gwada manya da yara. Ɗaruruwan shekaru ana zuba musu cewa ƙarya zunubi ce, maraya kuma amanar Allah ne. Da rani, sa'ad da gulbi ya ƙafe, mata su kan tona yashi su sami ruwa mai sanyi. Baƙon da ya gani zai ce yashi ne ke ba da ruwa. Ɗan gari ya sani ruwan damina ne da ta wuce.

Da a nan zan tsaya, da kowa ya rufe mujallar nan da murna, yana cewa mu dai mun gode Allah, muna da addini. Amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Akwai wata ƙasa kuma da ya wajaba mu duba, tana nan cikin Afirka tamu.

A 1994 Ruwanda tana cikin ƙasashen da suka fi yawan masu baftisma a nahiyar nan, wajen tara cikin goma suna amsa sunan Kirista. Majami'u cike ran Lahadi, ƙungiyoyin mawaƙa ko'ina. Daga Afrilu zuwa Yuli na shekaran nan, cikin kwana 100, aka kashe mutum wajen 800,000, yawancinsu 'yan kabilar Tutsi, da adda da kulki, maƙwabci yana saran maƙwabci. Mutane suka gudu cikin majami'u suna tsammani ba mai taɓa su a ɗakin Allah. A Ntarama aka kashe wajen 5,000 a majami'a da harabarta. A Nyange aka kawo katafila aka rushe ginin a kan mutum fiye da 1,500, kotun duniya da ta zauna a Arusha ta Tanzaniya kuwa ta sami fadan wurin, Atanas Seromba, da laifi a 2006. Kafin wannan, a 2003, kotun ta hukunta wani fasto, Elizafan Ntakirutimana, saboda hannunsa cikin kisan waɗanda suka fake a Mugonero. Akwai masu bi da suka ɓoye maƙwabta, suka mutu tare da su, Allah ya san sunayensu. Amma masu riƙe da addan nan, da yawansu sun ci Jibin Ubangiji tare da waɗanda suka sara.

Yanzu fa ina tambayarku. Wace ce ƙasar da ba ta da addini? Wadda aka rufe ƙofofinta, tsohuwa tana raɗa sunan Yesu a kunnen jikanta? Ko wadda ƙofofinta ke buɗe, jini yana malala a kan bencina?

Annabi Amos ya riga ya ga wannan. Makiyayi ne daga Tekowa, Allah ya aike shi Isra'ila a zamanin Yerobowam na biyu, lokacin wadata. Bagaden Betel ba ya rabuwa da hayaƙi, ana kawo zakka, ana kiyaye idi, ana raira waƙoƙi. 'Yan kasuwar da ya tsawata wa cikin sura 8 ba su karya Asabar ba. Suna rufe rumfa, suna zaune cikin sujada, amma zuciyarsu tana ƙirga sa'o'i, yaushe rana za ta faɗi su koma su tauye mudu, su murɗa ma'auni, su haɗa hatsi da ƙaiƙayi su sayar, su mallake matalauci a kan bashin da bai wuce kuɗin takalmi ba. Allah ya rantse ba zai manta da ko ɗaya daga cikin ayyukan nan ba. A sura 5 ma ya ce ya ƙi idodinsu, ba ya son jin ƙarar waƙoƙinsu. Hoja ya kori addini daga gine-gine, bai iya korarsa daga zukata ba. Mutanen Amos suka kore shi daga kasuwa da ɗakin shari'a, suka bar shi a bagade kaɗai, su ne kuwa suka yi nasara inda Hoja ya kasa.

Addini yana gina jama'a ne ta wurin abin da ya sa mutum ya yi sa'ad da ba ɗan sanda, ba riba, ba mai yabo. Ku karanta Littafin Firistoci sura 19 ku ga inda Allah ya sa hannu: kada manomi ya girbe gonarsa har gefe, ya bar kala domin matalauci da baƙo, kada ladan ɗan ƙodago ya kwana a hannun mai gona, kada a zagi kurma, ko a sa wa makaho abin tuntuɓe. Kurma ba zai ji zagin ba, makaho ba zai ga wanda ya sa dutsen ba. Wace kotu ce za ta kama ka? Dalili ɗaya aka bayar, ana ta maimaita shi, wato Ubangiji shi ne Allah, yana kuwa gani.

Iyayenmu sun ga irin wannan da idonsu. A da, kuturu a ƙasar nan rabonsa bara a ƙofar gari, ba mai cin abinci da shi. Ubangijinmu kuwa, cikin Markus sura 1, ya miƙa hannu ya taɓa kuturu kafin ya warkar da shi. Saboda taɓawan nan aka buɗe mazaunin kutare a Garkida a 1929, cikin shekarun 1930 kuma ma'aikatan mishan suka karɓi aikin Amanawa a lardin Sakkwato, da Babbar Ruga a Katsina, da Yadakunya a Kano. Sunan na ƙarshen nan ma kansa wa'azi ne. A lokacin ba a sami magani mai warkarwa sosai ba tukuna. Masu wanke gyambunan nan, Turawa da 'yan ƙasa, ba su da tabbacin warkar da kowa, ba su kuma da albashin kirki. Yau akwai magani, ana ba da shi kyauta, cikin wata 6 ko shekara guda mutum ya warke. Amma kafin ƙwayar magani ta zo, sai da aka sami hannun da ya yarda ya taɓa.

Ba mu kaɗai ke da irin wannan shaida ba, faɗin haka kuwa ba ya rage kome daga bangaskiyarmu cewa ceto yana cikin Yesu Almasihu kaɗai. A watan Yuni 2018 mahara suka faɗa wa ƙauyukan Barikin Ladi a Filato. A ƙauyen Nghar wani limami tsoho, Malam Abubakar Abdullahi, ya buɗe masallacinsa da gidansa ya ɓoye mutum fiye da 200, yawancinsu Kirista. Ya tsaya a ƙofa gaban masu bindiga yana roƙonsu, ya ƙi ba da ko ɗaya. Saurayin da ke cewa addini ne ya ƙone garinsu, ya sa wannan ma a kan ma'auni. Mu kuma mu tambayi kanmu, da masu gudun Musulmi ne, majami'ar tamu ce, wa zai tsaya a ƙofa?

Ba mai hana mu sujada da doka a yau kamar yadda aka yi a Albaniya, ko da ya ke akwai wuraren da 'yan'uwanmu ke taruwa cikin haɗari, kada mu manta da su cikin addu'a. Abin da ke gabanmu shi ne na Amos. A ce yau da dare an ɗauke majami'arku daga garinku, da ita da dukan masu shiga cikinta. Wa zai yi kuka da safe, ban da mai sayar muku da man janareta? Gwauruwar da ke bayan kasuwa za ta san an yi rashi? Masu awo za su ce mudu na gaskiya ya tafi? Ɗan ƙodago zai ce wanda ke biyansa kafin rana ta faɗi ba ya nan? Ko kuwa sai dai unguwa ta ce an sami sauƙin ƙarar lasifika? Akwai dattijon ikkilisiya da ke ba da bashin hatsi da damina, buhu ɗaya a biya biyu da kaka, ran Lahadi kuma shi ne mai karɓar baiko. Akwai ma'aikaciyar asibiti 'yar zumuntar mata da ba ta duban majiyyaci sai an sa mata wani abu a hannu. Akwai malamin makaranta mai bi da ke sayar da sakamakon jarrabawa. Ban ambaci sunan kowa ba, mai ɗaki shi ya san inda ya ke yoyo.

Ga abin da na ke roƙon kowace ikkilisiya da mujallar nan ke isa gare ta. Cikin watan nan, fasto ko mai bishara ya karanta Amos sura 8 a gaban jama'a, a hankali, kada ya tsallake kome. Bayan sujada dattawa su zauna su rubuta sunayen gwauraye da marayu da marasa lafiya na unguwarsu, na cikin ikkilisiya da na waje, Kirista da Musulmi, a gaban kowane suna kuma a rubuta wanda zai je da ranar da zai je. 'Yan kasuwarmu, maza da mata, su kawo mudunsu da tiyarsu, a gwada su da juna a gaban dattawa. Wanda aka tarar gindin nasa a bubbuge, kada a kunyata shi a gaban taro. Dattawa biyu su bi shi gida, su yi addu'a tare da shi, su taimake shi ya lissafta waɗanda ya tauye wa, a sa masa ranar da zai mayar.